Malamin Taurari Ɗan Katsina da Ya Rasu a Alƙahira

A ƙauyukan kan iyakar Jibiya, irin su Farfaru, tsofaffin manoma sun san idan taurarin Kaza da 'ya'yanta suka daina fitowa da magariba, lokacin sharar gona ya yi. Malaman zaure kuma suna da lissafin taurari 28, kusan kowanne da kwana 13. Cikin irin wannan ilimi Muhammadu al-Kashnawi ya tashi a ƙasar Katsina.

Ya tafi aikin Hajji wajen 1730, daga nan ya zarce Masar. A Alƙahira ya sauka gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi kansa gwani ne a ilimin falaki, kuma a wannan gidan ne Allah Ya karɓi ransa a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan Hasan, marubucin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ya adana mana labarinsa. Duk Bakatsine ya kamata ya san cewa Hasan, malamin Masar, ya ɗauki karatu wurin mutumin ƙasarsa.

Sai dai a faɗi gaskiya, littafinsa al-Durr al-Manzum ya haɗa lissafin taurari da hatimai da ɗalasimai, kamar yadda zamaninsa ya saba. A lokacin ba wanda ya iya karanta hasken tauraro. Ga misali, tun 964 masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya rubuta labarin wani ɗan gajimare da ba ya gushewa daga cikin taurari. Har yau ana ganinsa da ido daga Jibiya a daren kaka, idan babu wata kuma hazo bai sauko ba. Ba a gane ko mene ne ba sai bayan 1859, da masana kimiyya Kirchhoff da Bunsen suka nuna a Jamus cewa hasken da aka rarraba yana tona sinadaran abin da ya fito daga gare shi, sannan a 1923 Edwin Hubble ya auna wani tauraro mai ƙyaftawa a cikin gajimaren daga dutsen Wilson a Amurka. Ashe Andromeda ce, gungun taurari mai zaman kansa, wanda haskensa ke shafe shekara kusan miliyan 2.5 kafin ya iso mana.

An buga al-Durr al-Manzum a Alƙahira a 1961. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu nemansa asiri suke bi, lissafin da ke ciki kuwa an bar wa masu bincike na ƙasashen waje.