Motar jan karaban: lissafin nauyi da ake yi kafin a saya

Karaban ɗaki ne mai tayoyi da ake ɗaura wa mota a baya, a cikinsa akwai gado da wurin girki, wani ma har da makewayi. A Faransa da sauran ƙasashen Turai da Amurka mutane kan ja shi su tafi hutu, wasu kuma sun mai da shi gidansu na dindindin, kamar ma'aikatan gona masu bin kaka daga wannan yanki zuwa wancan da 'yan fansho. Ga mai irin wannan rayuwa, mota ce ke ɗauke da gidansa duka. Abin da ke tabbatar da dacewarta shi ne alƙaluman nauyi da kamfani ya rubuta mata, kuma su ake dubawa kafin kyanta ko girman injinta.

Alƙaluma biyu a takardar mota

A takardar mallakar mota ta Faransa, wadda ake kira carte grise, akwai layuka biyu masu muhimmanci. Layin F.2 yana nuna PTAC, wato iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai idan an haɗa da mutane da kaya. Layin F.3 kuwa yana nuna PTRA, wato iyakar nauyin mota da abin da take ja gaba ɗaya. Idan aka cire na farko daga na biyu, za a ga nauyin da motar za ta iya ja tana cike da lodi.

Alal misali, motar da PTAC ɗinta kilo 2,100 ne, PTRA kuma kilo 3,600, tana da sararin kilo 1,500 na karaban. Waɗannan alƙaluma suna nan a ɗan allon da kamfani ya manna a jikin ƙofa ko a ƙarƙashin bonet. Saboda haka motocin Turai na hannu da ake saukewa a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome suna zuwa da su, ko da an canza musu takardu.

Inda aka fi yin kuskure

Masu saye da yawa suna duba ƙarfin ja kawai, su manta da lodin da motar kanta za ta ɗauka. Gaban karaban yana danna ƙugiyar da ke bayan mota, kuma wannan nauyi yana cikin lodin motar. A Turai ana son ya kasance kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin karaban, yawancin motocin gida kuma ƙugiyarsu ba ta ɗaukar fiye da kilo 75 zuwa 100. A Amurka, inda tirelolin suka fi girma, ana neman kashi 10 zuwa 15.

A ce waccan mota tana da sararin lodi na kilo 550. Miji da mata kilo 150, yara biyu kilo 70, nauyin ƙugiya kilo 75: abin da ya rage kilo 255 ne kawai. Mai hutun mako biyu zai iya maneji da wannan. Mai zama a hanya shekara da shekaru kuwa yana ɗauke da tukwanen gas, da batura, da farantan sola, da kayan gyara, da tufafin sanyi da na zafi. Ruwa kaɗai, kowace lita kilo ɗaya ce. Don haka ake shawartar mutum ya fara zaɓen karaban, ya loda masa kayan da zai zauna da su, ya kai shi sikelin manyan motoci a auna, sannan ya nemi motar da za ta ja shi.

A Birtaniya ƙungiyoyin masu karaban suna ba sabon shiga shawarar kada karaban mai lodi ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar ba kaya. Wannan shawara ce kawai, babu ita a doka, amma dalilinta a fili yake: idan abin da ke baya ya yi kusan nauyin na gaba, iskar babbar mota mai wucewa na iya sa shi lilo har ya kwashe motar daga kan hanya.

Lasisin tuƙi da dokar hanya

A Faransa, lasisin B na yau da kullum ya isa idan PTAC na tirela bai wuce kilo 750 ba, ko kuma idan jimillar PTAC na mota da tirela ba ta wuce kilo 3,500 ba. Daga nan zuwa kilo 4,250 sai an yi horon awa 7 da ake kira B96, wanda aka soma a shekarar 2013. Abin da ya haura haka yana bukatar lasisin BE, mai jarrabawarsa daban.

Tirelar da ta wuce kilo 500 tana da takardarta da lambarta. Wadda ta wuce kilo 750 dole ta kasance da birkinta da inshorarta. Idan PTRA ya haura tan 3.5, gudu ba zai wuce kilomita 90 a awa ba a babbar hanya. Haka kuma doka ba ta yarda a bar abin hawa a wuri ɗaya a bakin titi fiye da kwana 7 ba, sannan ajiye karaban a fili mai zaman kansa fiye da wata 3 a shekara sai an sanar da ofishin magajin gari.

Wace irin mota

Ƙaramin karaban motar gida mai ɗan nauyi za ta ja shi. Babba kuwa yana bukatar irin su Toyota Land Cruiser ko Hilux, waɗanda wasu samfuransu na Turai ke da izinin jan kilo 3,500 idan tirelar na da birki. A Amurka ana amfani da manyan a-kori-kura kamar Ford F-250, musamman ga tirelar da ake ɗaurawa a tsakiyar bodi.

Injin dizal ya fi dacewa da ja domin yana ba da ƙarfi tun bai ɗau gudu ba. Motar da tazarar tayoyinta na gaba da na baya ke da tsawo ta fi zama daram. Idan ta hannu ce, a duba kuloci da birki da lagireto, domin su ne suka fi jin jiki a hawa da gangara. Mai giyar otomatik kuma a tabbatar tana da abin sanyaya man giya. Shan mai yana ƙaruwa sosai idan ana ja, don haka a sa shi cikin lissafin kuɗin wata.

Abu na ƙarshe shi ne samun kayan gyara a inda za a bi. Idan mota ta kwanta a garejin bakanike, gidan ma ya tsaya inda yake har sai an gyara ta.