Yadda Lardin Makka Ya Samu Gasar Golf, Ta Kuma Kuɓuce Masa

Alhajin da ya hau jirgin ƙasan Haramain daga Makka zuwa Madina, in ya wuce Jidda zai iske wata tasha da ba a cika ganin cincirindo a cikinta ba. Ita ce tashar Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, kusa da Rabig. Mutanenmu sun fi sanin wannan yanki saboda Juhfa, miƙatin masu zuwa daga Sham da Masar da ƙasashen yamma. Kaɗan ne suka san cewa daga 2019 zuwa 2024 manyan 'yan wasan golf na duniya nan suke sauka kowace shekara, su yi kwana uku ko huɗu suna bugun ƙwallo a kan miliyoyin daloli, a wani fili mai suna Royal Greens da ke bakin Bahar Maliya.

Cikin garin Makka kuwa ba a ma fara zancen ba. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Harami, kuma mafi yawan 'yan wasan da masu ɗaukar musu jaka da ma'aikatan talabijin ba Musulmi ba ne. Sai dai lardin Makka ya fi garin faɗi nesa ba kusa ba: Jidda da Ɗa'if da Rabig duk cikinsa suke. A ƙarshen 2005 Sarki Abdullah ya sanar da gina sabon birni a gaɓar teku, kimanin kilomita 100 arewa da Jidda, aka ce zai ɗauki mutum miliyan biyu. Aka yi tashar jiragen ruwa da unguwar masana'antu da gidaje, aka kuma shimfiɗa filin golf mai ramuka 18, wanda Dave Sampson na kamfanin European Golf Design ya zana.

Golf ba baƙo ba ne a Saudiyya. Turawan Aramco sun daɗe suna buga shi a Dahran, a kan yashi. Wurin da ke kewaye da rami sai a kwaɓa rairayi da baƙin mai a daddaɓe, ɗan wasa kuma ya riƙa yawo da ɗan guntun dardumar ciyawar roba, duk inda ƙwallonsa ta faɗi ya shimfiɗa ya ɗora ta ya buga. Wanda ya san tsofaffin filayen arewacin Najeriya ba zai yi mamakin wannan ba. Abin da Royal Greens ya zo da shi shi ne koriyar ciyawa mai jure gishiri, da tafkuna, da rami na 16 wanda ake buga shi teku na gefen hagu, ga iskar la'asar tana kaɗa ƙwallo yadda ta ga dama. A hoton talabijin filin ya yi kyau matuƙa, kuma don hoton aka fi son sa.

Manyan gasannin maza na golf huɗu ne, ba kuwa wadda aka taɓa yi a ƙasar Larabawa. Masters ba ta motsi, tun 1934 a Augusta take, a jihar Jojiya ta Amurka. Sauran ukun yawo suke yi, kuma hukumomin da ke riƙe da su kan zaɓi fili shekaru da dama kafin ranar. Tarihinsu cike yake da filayen da aka ba su aka ƙwace, kuma da wuya ka ji ciyawa ce ta jawo. Prestwick a Sukotland, inda aka fara gasar Open a 1860, ta yi ta ƙarshe a 1925, don jama'a sun yi mata yawa har 'yan wasa sun rasa inda za su sa ƙafa. Muirfield aka cire ta daga layi a 2016 da membobinta suka ƙi amincewa a karɓi mata, da suka sake ƙuri'a a 2017 aka mayar da ita. Gasar PGA ta 2022 an riga an ba filin Donald Trump na Bedminster, amma kwanaki kaɗan bayan kutsen da magoya bayansa suka yi wa majalisar dokokin Amurka ranar 6 ga Janairun 2021, aka ƙwace aka kai Southern Hills a Tulsa.

Saudiyya ba ta da ɗaya cikin huɗun, sai ta kafa tata. Gasar Saudi International ta fara a Royal Greens a ƙarshen Janairun 2019, ƙarƙashin hukumar gasannin Turai, da kyautar dala miliyan 3.5, ban da kuɗin gayyata da ake ba manyan 'yan wasa don su zo kawai. Lokacin bai yi daɗi ba. Wata huɗu bai cika ba da kashe ɗan jarida Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul. Tiger Woods bai zo ba, Paul Casey ma ya ƙi, shekarar da ta biyo Rory McIlroy ya ce ba da shi ba. Amma Justin Rose da Brooks Koepka da Dustin Johnson sun zo, Johnson ya ɗauki kofin. Abin da aka fi tunawa da shi a wannan karon ba ma nasarar ba ce. Sergio Garcia na Sifaniya ne ya fusata a rana ta uku, ya riƙa jan takalmi yana ɓata lallausar ciyawar da ke bakin ramuka, 'yan wasan da ke bayansa suka kai ƙara, aka kore shi daga gasar. Baƙon da aka biya kuɗi ya zo, shi ya yi wa mai gida ɓarna.

Graeme McDowell ya ci a 2020, Johnson ya sake ci a 2021. A Nuwamban 2020 aka yi gasar ƙwararrun mata ta farko a tarihin ƙasar, a wannan filin dai, Emily Kristine Pedersen ta Denmak ta lashe. Sai dangantaka ta yi tsami da hukumar Turai, domin maganar sabuwar gasar da asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya, PIF, ke shirin kafawa ta fito fili. A 2022 Saudi International ta koma ƙarƙashin hukumar Asiya. Filin bai canja ba, uwar ɗakin ce ta canja. A wannan shekarar Harold Varner III, baƙar fata ɗan Amurka, ya gangaro da ƙwallo daga nisan ƙafa 92 a ramin ƙarshe, ta yi ta tafiya kamar ba za ta isa ba har ta faɗa, ya doke Bubba Watson da bugu ɗaya.

Sabuwar gasar, wato LIV, wadda Greg Norman ya jagoranta da kuɗin PIF ƙarƙashin Yasir Al-Rumayyan, ta fara a kusa da Landan a Yunin 2022, ta iso gida a Oktoba. Sunan da aka sa wa zangon shi ne Jidda, ko da yake tsakanin filin da Jidda tafiyar sama da awa ɗaya ce a mota. Koepka ya ci bayan bugun raba gardama, ya kuma maimaita a 2023. A wannan shekara ta 2023 ne alama ta fara bayyana. An tsara cewa a Royal Greens za a rufe kakar da gasar ƙungiyoyi a Nuwamba, sai aka sauya jadawali, aka kai bikin rufewar filin Doral na Trump a Miyami, Jidda ta tashi da zangon da ke gabansa. Masu kuɗin da kansu suka ɗauke babbar ranar daga ƙasarsu.

A ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya kalli wasannin. Kyamara za ta bi ƙwallo sama, ta sauko, sai ka ga bayan igiyar 'yan kallo wayam, sai 'yan tsiraru da ma'aikata. Birnin da aka yi wa lissafin miliyan biyu, mazaunansa ba su wuce wasu dubbai ba lokacin da aka fara gasar. Mutanen Jidda kuma ƙwallon ƙafa suka sani, Ittihad da Ahli, ga tseren motocin Formula 1 da ya zo musu har bakin teku a 2021. Wa zai kama hanyar Rabig ya je ya tsaya cikin rana yana kallon wasan da ake hana shi ko tari? Ita kuwa LIV da kiɗa da ihu take tallar kanta. Jama'a ce ta raba Prestwick da gasarta saboda yawa, rashinta ya raba Royal Greens da tasa.

Ga kuma Riyad na jan komai zuwa jikinta: ofisoshin PIF, manyan kamfanoni, jakadu, baje kolin duniya na 2030. Mata ne suka fara ƙaura. A Fabrairun 2024 gasarsu mai kyautar dala miliyan 5 ta koma filin Riyadh Golf Club, Patty Tavatanakit ta Tailan ta ci. A Maris LIV ta sake zuwa Royal Greens, Joaquin Niemann na Chile ya ɗauki kofin, Anthony Kim ya dawo wasa bayan kusan shekara 12 ba a gan shi ba. Abraham Ancer, wanda ya ci Saudi International a 2023, shi ne na ƙarshe da ya ɗaga kofin gasar a bakin teku, domin a Disambar 2024 ita ma ta bi sahu zuwa Riyad, Niemann ya sake yin nasara.

Filin Riyad ba shi da teku, ba shi da rami irin na 16. Abin da aka ƙara masa shi ne fitilu. A Fabrairun 2025 LIV ta buɗe kakarta a can, aka buga duka ramuka 54 da dare, lokacin da ma'aikacin Riyad ya tashi daga ofis, kuma gari ya waye a Amurka, inda tashar Fox ta sayi damar nuna wasannin. Adrian Meronk na Folan ne ya ci.