Inda Namun Dajin Ƙasar Daura Suka Tafi

Tarihin Daura da dabba ya soma. Kowane yaro a ƙasar Hausa ya ji labarin macijin nan mai suna Sarki da ya tare rijiyar Kusugu, ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare masa kai, ya auri Sarauniya Daurama. Masana na ta muhawara kan abin da ke tarihi da abin da ke almara a cikin labarin, amma darasinsa a fili yake: gari yana kafuwa ne ranar da mutum ya ƙwace ruwa daga hannun dabba. Rijiyar tana nan a tsakiyar birni, baƙi na zuwa suna shan ruwanta. Wanda kuwa ya fita bayan gari neman namun dawa, ko ta hanyar Mai'aduwa ko ta Zango ko ta Sandamu, gonakin gero da dawa da wake zai yi ta gani har iyakar Nijar. In ya yi sa'a ya tayar da zomo ko fakara.

A baki da fada dai dabbobin suna nan da ransu. Toron giwa ake ce wa sarki, zaki ake ce wa jarumi, ana kuma cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da gashin jimina ake ƙawata figini da takalman sarakuna, kuma har yau garuruwa da dama na naɗa Sarkin Baka, shugaban maharba. Jama'a ba ta gina kirari da sarauta a kan dabbar da ba ta sani ba. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, alal misali, a farkon ƙarni na 20 yana yawo tun daga Senegal har zuwa Tafkin Cadi, kuma ƙasar Daura tana cikin wannan shimfiɗa. To ina suka tafi, kuma ina mutumin Daura zai nufa yau in yana son ɗansa ya ga giwa da idonsa?

Dajin da yaƙi ya raina

A wajajen 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Daga nan sarautar ta rabu: Fulani a birni, zuriyar tsofaffin sarakuna a Zango da Ɓaure. Masanin nan M. G. Smith ya bi diddigin wannan rabuwa a littafinsa kan Daura da ya fito a 1978. Kusan shekara ɗari ƙasar ta zauna a matse tsakanin Kano da Katsina da Gumel da Kazaure, ga kuma Damagaram daga arewa, wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a zamanin Sarki Tanimu. A yammacin nan kuma Maraɗi da Katsina ba su daina kai wa juna hari ba.

A irin wannan zama, talaka ba ya yin gona nesa da ganuwa. Mutane suka cure a garuruwa masu shinge, filayen da ke tsakanin masarautu suka koma dawa. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa irin wannan daji a farkon 1851 a kan hanyarsa daga Tasawa da Gazawa zuwa Katsina, ya wuce kufan Dankama, garin da yaƙi ya tayar. Inda mutum ya ji tsoron kwana, nan namun daji suka sami sararin hayayyafa. Tsoron mahara ne ya yi wa dabbobin wancan ƙarni gadi.

Maharba suna shiga, amma da kwari da baka da tsofaffin bindigogi, kuma farautar gayya sai da rani, bayan an kawar da amfanin gona. Kasuwa ma tana cin nata rabon, domin hauren giwa da gashin jimina na cikin kayan da ayari ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus. Duk da haka dajin ya fi ƙarfin masu cinsa.

Abubuwa huɗu da suka share dawa

Na farko annoba ce. A wajajen 1890 cutar shanu da Hausawa suka laƙaba wa suna "sannu" ta ratsa Afirka, ta karkashe garkunan Fulani. Cutar ba ta bambanta saniya da ɓauna ba, ta kuma taɓa raƙuman dawa da gadu da dangin gwanki.

Na biyu zaman lafiya ne. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sun mayar da sarautar Daura ga tsohon gida, suka naɗa Malam Musa a 1904. Ingila da Faransa suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, layin da ya raba Daura da 'yan'uwanta na Magarya da Matamai. Hare-hare suka tsaya, manoma suka fito daga bayan ganuwa, kowa ya ɗauki gatari ya nufi saura da sabon daji.

Na uku gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama hanyar biyan haraji da sayen tufa. Ƙasa mai jigawa irin ta Daura da Kazaure da Gumel ita gyaɗa ke so. Kowace dalar gyaɗa da aka tara a Kano, wani daji ne aka sare kafin a same ta.

Na huɗu fari ne: yunwar 1913 zuwa 1914, sai farin 1972 zuwa 1974, sai na 1984. Tafkuna suka ƙafe, makiyaya suka gangaro kudu, sauran itatuwa suka shiga murhu. Dokoki kam an yi su, tun daga dokar kare namun daji ta 1916 har zuwa ta Jihar Arewa ta 1963, sai dai doka tana hana harbi ne, ba ta hana noma. Dabbar da aka bar mata rai aka ɗauke mata wurin kwana, tafiya za ta yi. Giwayen da suka rage a wannan sashe, waɗanda ke kai da komo tsakanin dajin Rugu na Katsina da Baban Rafi a kudancin Maraɗi har cikin shekarun 1990, su ne na ƙarshe da aka sani a kusa.

Wuraren da suka rage a kudu da gabas

Mafi kusa da Daura shi ne dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ake kai wa ta Gumel. Nan kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa cikin fadamu kafin su zama kogin Yobe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tsuntsaye dubbai daga Turai da Asiya ke sauka su tarar da ɗinya da belbela da sauran 'yan gida. Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe su ne wuraren kallo da aka fi sani. Mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya ziyarci Dagona a 1989, kuma a shekarar 2000 aka sa sashen Nguru cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Matsalarsa daga sama take: madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma da tsuntsaye duka suka ji a jikinsu.

Mai son giwa kuwa sai ya bi ta Kano da Ningi zuwa Bauchi, ya ɗauki hanyar Gombe, ya karkata a Dindima. Yankari ke nan, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. A nan ake samun ɗaya daga cikin garkunan giwaye mafi girma da suka rage a Nijeriya, waɗanda ake ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, tare da ɓauna da gwanki da kanki da dorina da gwaggon biri. Ƙarshen rani ne lokacin gani, sa'ad da ƙishirwa ke tara dabbobi a bakin kogin Gaji. Maɓuɓɓugar Wikki kuma ruwanta na nan da ɗuminsa, kimanin digiri 31, dare da rana, rani da damina. Yankari da gandun Tafkin Kainji su ne wurare biyu da aka san zaki ya rage a duk faɗin ƙasar nan.

Can kudu maso gabas, a tsakanin Taraba da Adamawa, akwai Gashaka Gumti, gandu mafi girma a Nijeriya, wanda ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, ƙololuwar ƙasar baki ɗaya. Tafiya ce mai nisa daga Daura, ta wanda ya shirya guzuri da haƙuri.

Wuraren da suka rage a arewa

A hayin iyaka labarin ya ɗan fi daɗi. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma kusan 50 a 1996, dukansu a yankin Kure, kusa da Yamai. Ba a kewaye su da shinge ba, a cikin gonakin mutane suke kiwo. Gwamnatin Nijar ta hana taɓa su, ƙungiyoyi suka tallafa wa ƙauyukan da ke zaune da su, matasa suka zama masu yi wa baƙi jagora. Cikin shekara ashirin da 'yan kai adadinsu ya haura 600. A 2018 aka ɗauki takwas aka kai su Gadabeji, gandun da aka kafa a 1955 a yankin Dakoro na jihar Maraɗi, inda aka daɗe da rasa su. Ga mutumin Daura, Gadabeji ne wuri mafi kusa da zai ga raƙumin dawa a ƙasar kakanninsa. Gabas da Damagaram kuma akwai Termit da Tin Tumma, da aka keɓe a 2012, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000 a lokacin, mafakar ƙarshe ta wasu barewin hamada da suka kusa ƙarewa a duniya.

Daji ya sake zama na masu makami

Jerin nan ya fi tsawo a takarda. Kamuku a Birnin Gwari ya zama gandun tarayya a 1999, amma 'yan bindiga sun daɗe da mayar da shi sansani. Sambisa gandun namun daji ne kafin duniya ta san shi da Boko Haram. Falgore a kudancin Kano ya sha fama da ɓarayin shanu. A Kure ma, ranar 9 ga Agusta 2020, mahara sun kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, baƙi suka ɗauke ƙafa.

A ƙarshen wannan shekarar ce marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya amince da ƙirƙiro sababbin gandayen tarayya goma, ciki har da Falgore da dausayin Haɗeja da dajin Kogo na Jihar Katsina. A watan Disamba na shekarar, yana hutu a Daura, aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara aka kora su cikin daji. Abubuwan biyu suna nuna matsala guda: dajin da hukuma ta keɓe ba ta tsare ba, wani zai tsare shi. Bambancin yau da zamanin Barth shi ne makami. Maharan ƙarni na 19 sun kori manoma sun bar dabbobi, na yanzu kuwa da bindiga mai sarrafa kanta da babur suke tafe, ga masu gawayi da masu katako a bayansu. Saboda haka duk mai niyyar ziyara, ko Yankari ne, wajibi ne ya tambayi halin hanya kafin ya ɗaura kaya.

Darasin gawo

Abin koyi mafi kusa da Daura yana 'yan kilomitoci kaɗan bayan Kongolom. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Magarya da Matamai da Mirya suka koma barin gawo ya tsiro a gonakinsu, suna sassabe suna ƙyale 'ya'yan itace. Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, yana ƙara wa ƙasa taki, da rani kuma ya ciyar da dabbobi da 'ya'yansa. A Maraɗi wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yaɗa dabarar raya kututture tun daga 1983. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kudancin Nijar ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 ta wannan hanya, akasarinsu ba dasawa aka yi ba. Abin da ya sauya shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba.

Giwa ba za ta dawo Sandamu ba, domin ƙasar ta cika da mutane, kuma kowannensu na da haƙƙin cin abinci. Amma ƙasa ɗaya ce da ta Magarya, ruwan sama ɗaya, harshe ɗaya. Inda gawo da kuka da kanya suka yi yawa, zabon daji da kurciya da bushiya na samun mafaka, shamuwa na samun reshen da za ta yi sheƙa in damina ta kusa. Madatsun Sabke da Daberam na iya zama masaukin tsuntsayen hunturu idan aka hana harbi a bakinsu. Masarauta na da hakimai da dagatai da Sarakunan Baka da jama'a ke jin maganarsu, kuma a Kure an ga cewa wanda ya san sawun dabba shi ya fi iya gadinta in aka ba shi abin yi. Yaran Daura sun haddace sunan macijin Kusugu, amma da yawansu ba su taɓa ganin barewa ba, ko da yake kullum suna jin ta a karin magana.