Daga almakashi zuwa NVivo: tarihin manhajojin nazarin hira

1/ Jama'a, lokacin furojet ya zo, kuma kullum tambayar ɗaya ce a gurup ɗin ajinmu: "NVivo ko ATLAS.ti ko MAXQDA, wanne ya fi?" Ni dai na ga kafin mu yi gardamar wanne ya fi, gara mu san daga ina kowannensu ya fito. Zaren yana da ɗan tsawo, a gyara zama.

2/ Kafin kwamfuta, mai binciken da ya yi hira da mutane sai ya buga hirar a tafireta, ya yi kwafi da yawa, ya ɗauki almakashi ya yayyanka. Duk maganar da ta shafi jigo ɗaya sai ta shiga ambulan ɗaya ko kwali ɗaya. Wasu da alƙaluma masu launi suke aiki. Wannan rarraba zance zuwa jigo-jigo shi ake kira kodin.

3/ A 1967 Barney Glaser da Anselm Strauss a Amurka suka fitar da littafinsu kan hanyar da ake fitar da ra'i daga cikin bayanan da aka tattara. Aikin ya samo asali ne daga binciken da suka yi kan majinyata masu jiran ajali a asibitocin San Faransisko. Hanyar tana son a yi ta kwatanta zance da zance, da hannu kuwa wahala ce ta gaske.

4/ Masu alƙaluma tuni suka samu sauƙi, don SPSS ya fito tun 1968. Masu hira sai a 1981, lokacin da Tom Richards, masanin kwamfuta a Jami'ar La Trobe ta Ostireliya, ya rubuta wa matarsa Lyn Richards wata manhaja. Ita masaniyar zamantakewa ce, takardun hira sun yi mata yawa. Sunan manhajar NUD*IST. Daga zuriyarta NVivo ya fito a 1999.

5/ Sai Jamus. A 1989 aka fara wani aikin bincike a Jami'ar Fasaha ta Balin, daga nan Thomas Muhr ya gina ATLAS.ti, ya shiga kasuwa a 1993. Tunanin Strauss ya yi tasiri a kansa sosai, shi ya sa ƙarfinsa yake wajen ƙulla jigo da jigo a zane, kamar saƙar gizo.

6/ A wannan shekarar ta 1989 dai Udo Kuckartz ya fitar da MAX, wanda ya koma MAXQDA a 2001. Tun farko an gina shi da tunanin haɗa zance da lissafi: ka ga abin da mata suka faɗa gefe guda, na maza gefe guda, da adadinsu. Wanda bincikensa ya haɗa takardar tambayoyi da hira, nan zai fi sakewa.

7/ Kun lura? Kowace manhaja ta taso ne daga matsalar mai ita. Saboda haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce: wane irin bayani na tara, me nake son in gano a ciki? Amsar ita za ta nuna maka wadda za ka ɗauka.

8/ Akwai wani darasi kuma. A Mayun 2014 Dedoose, wadda take aiki a kan intanet, ta samu babbar tangarɗa, masu bincike da dama suka rasa aikin da suka yi. Ka riƙa ajiye kwafin hirarka a wajenka, ko da wace manhaja kake aiki.

9/ Da can in ka fara da manhaja ɗaya ka ɗaure kanka, don fayil ɗinta ba ya buɗewa a wata. A 2019 aka ƙaddamar da tsarin musaya na REFI-QDA, wanda yake ba ka damar kwashe aikinka daga wannan zuwa waccan. Kafin ka zaɓa, duba ko tana karɓarsa.

10/ Mu da hirarmu take da Hausa, sai mun ƙara kula. In ka ce wa manhaja ta ƙirga "gari", ba ta san garin Kano da garin masara ba. In mai rubuta hirar bai sa ƙugiya ba, "ƙasa" da "kasa" sun zama abu ɗaya. Ƙirga kalma ba zai fisshe ka ba, dole ka zauna ka karanta.

11/ Maganar kuɗi kuwa, lasisin manyan nan da dala ake saye. Amma akwai na kyauta: Taguette, QualCoder, da QDA Miner Lite. In hirarka goma ce ko sha biyar, wallahi za su ishe ka. Kar ka sa manhajar sata a laftof ɗin da muryoyin mutane suke ciki, amana ce suka ba ka.

12/ Ranar kare furojet, malami ba zai tambayi manhajar ba. Kai zai tambaya me ya sa ka sa maganar wance a ƙarƙashin "tsoro" ba "kunya" ba. Zaɓi wadda za ka iya koya cikin mako biyu, sauran lokacin ka ba hirarka. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.