Daga Ribaɗi zuwa Kan Iyaka: Sauyin Hanyoyin Fatauci da Zumuncin Gobirawa a Isa da Sabon Birni

Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, sunan Gobir ya rabu gida uku. Gobirawan da suka ƙi yin mubaya'a ga Sakkwato sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Wani reshe na gidan sarautar, ƙarƙashin Ɗan Halima, ya kafa Sabon Birni wajajen 1860. Isa kuwa ribaɗi ce ta Daular Usmaniyya, inda zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke riƙe da sarautar Sarkin Gobir. A wancan zamani mubaya'a ce ke raba mutane, amma kasuwa ɗaya suke ci, kuma fuskarta na duban arewa: ayarin Azbinawa na sauke gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da tufafin saƙi.

Zuwan Turawa ya juya wannan fuska. Sakkwato ta faɗa hannun Ingila a 1903, sannan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Ingila da Faransa suka gyara iyakar da aka shata a 1898. Tsibiri ta kasance a ɓangaren Faransa, Isa da Sabon Birni a ɓangaren Ingila. Haraji ya koma na kuɗin Bature, wuri ya daina tasiri, dole manomi ya noma abin sayarwa ko ya tafi cin rani. Da layin dogo ya isa Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da fatun jajayen awaki suka riƙa bi ta kasuwanni irin na Shinkafi zuwa Ikko, daga nan sai Turai. Yankin da a da yake bisa hanyar ayari ya wayi gari a gefen ƙasa.

Sauyin bai tsaya ga ciniki ba. Ɗan Tsibiri ya yi boko da Faransanci yana kashe sefa, ɗan'uwansa na Sabon Birni ya yi da Ingilishi, daga baya ya riƙe naira. Tsagen fuska, wanda da shi ake gane Bagobiri, ya yi ta raguwa a tsakanin masu tasowa. Sai dai iyakar ba ta raba makarantar allo da zauren ilimi ba. Ahalari da Ishmawi da Risala ake karantawa a ɓangarorin biyu bisa mazhabar Malikiyya, almajirai na ƙetarawa neman karatu, auratayya kuma ba ta yanke ba. Addinin da aka yi yaƙi a kansa a ƙarni na 19 shi ya zama igiyar da ta ɗaure jikokin mayaƙan.

An ga ƙarfin wannan igiya a shekarun baya-bayan nan. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma kowane karo ƙananan 'yan kasuwa ne suka fi jin jiki. Amma lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutanen Sabon Birni da Isa tun daga 2019, ƙauyukan Gidan Rumji a jihar Maraɗi ne suka buɗe musu ƙofa, suka raba rumbu da su. Kasuwar duniya ta sauya wa Gobir kuɗi da hanya da harshen ofis, amma a ranar tsanani haƙƙin maƙwabtaka da zumunci, waɗanda shari'a ta wajabta, su ne suka ba masu gudun hijira masauki.