WAKEN RUMFA DA TAFIYAR DA YA SHA

A gidan kakata ta wajen uwa akwai wata rumfar kara a ƙofar ɗakinta, a nan ake yi mana kitso, a nan muke cin tuwon dare. Da ruwan farko ya sauka sai ta kwance wani ƙullin tsumma, ta fito da wake mai faɗi kamar kwabo, wani fari tas wani da ɗigo-ɗigon ja, ta binne ƙwaya uku-uku a gindin kowace dirka. Ruwan alwalarta da ruwan wanke hatsi can suke tafiya. Kafin tsakiyar damina ya nannaɗe dirkokin ya haye sama ya rufe rumfar ruf, har ba kya ganin karan. Waken rumfa take ce masa. Na taɓa tambayarta inda ta samo shi, ta ce, "Ke dai da tambaya kike. Wannan ai tun kaka da kakanni."

To 'yan'uwana mata, Allah ya jiƙan tsohuwa, gaskiya ta faɗa iyakar saninta, amma waken rumfa baƙo ne a ƙasarmu.

Bari mu fara raba su, domin wake biyu ne. Akwai wakenmu na gona, wanda muke ƙosai da alale da garau-garau da shi, irin su Ɗan Ila da Kanannado. Shi kam ɗan gida ne, a Afirka aka fara noma shi. Masu tonon kayan tarihi sun samu ƙonannun ƙwayoyinsa a yankin Kintampo da ke tsakiyar ƙasar Ghana, da aka auna aka ga sun haura shekara 3,500. Yau ma duk duniya babu ƙasar da ta kai Najeriya noma shi, sai Nijar ke bi mata. Shi wannan yaɗo yake yi a ƙasa, a tsakanin gero da dawa, yana jure fari, in an tsince 'ya'yan a ɗaure harawar a ba dabbobi.

Waken rumfa kuwa asalinsa nahiyar Amurka ne. Mutanen ƙasar Peru sun yi dubban shekaru suna noma shi, har wata al'ummarsu ta dā da ake kira Moche takan zana hotonsa a jikin tukwanenta. Sunan da Turawa suke kiransa da shi ma daga Lima aka ɗauko, babban birnin ƙasar. Kafin 1492, shekarar da Kolumbas ya tsallaka teku, babu wanda ya taɓa ganin sa a wannan ɓangare na duniya.

Turawan Fotugal su ne suka buɗe hanyar. Sun iso gaɓar tekun Ghana ta yau a 1471, suka gina ganuwarsu a Elmina a 1482, daga baya kuma suka mallaki Brazil, jiragen ruwansu suka yi ta kai da kawo. Abin da suke ɗauka daga wajenmu mutane ne, bayi, maza da mata da yara, a ɗaure cikin mari. Abin da ake ciyar da su a hanya har da wakenmu na gona, ta haka ya tsallaka. Shi ya sa har yau a jihar Bahia ta Brazil za ki tarar da mata baƙaƙe cikin fararen kaya suna tuyar ƙosai da manja a bakin titi, suna ce masa akaraje, wato akara ɗin nan dai na Yarbawa. A kudancin ƙasar Amurka kuma ranar sabuwar shekara sai an dafa shinkafa da wake. Duk lokacin da na tuna wannan ina tuyar ƙosai, wallahi sai jikina ya yi sanyi. Wata mace irinmu ce aka raba da 'ya'yanta, abin da ta tsira da shi kawai iya girkin uwarta.

A dawowar jiragen kuwa aka shigo mana da masara, rogo, gyaɗa, barkono, gwanda da waken rumfa. Kin ji ko? Har barkonon da muke ganin miya ba ta yiwuwa sai da shi. Daga bakin teku suka yi ta hawowa arewa hannu zuwa hannu, cikin kayan fatake, a hankali har aka manta baƙi ne.

Sai dai rabonsu bai zo ɗaya ba. Gyaɗa ta faɗa hannun maza. Da jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912 ta zama kuɗi, aka yi dalar gyaɗa, aka yi attajirai, aka rubuta ta a littattafan makaranta. Shi kuwa waken rumfa bai dace da gonar gero ba, yana son abin hawa, yana son danshi fiye da wakenmu. Don haka ya tsaya a cikin gida, jikin danga da darni da rumfa, inda mace take da iko ko da ba ta fita. Ba ya cin fili, tafin hannu na ƙasa ya ishe shi, sauran duk a sama yake yi. Kuma ba ya ba da 'ya'ya lokaci guda, yau ki tsinka, jibi ki tsinka, har bayan ruwa ya ɗauke in kina ba shi ruwa. Kakata ba ta taɓa auna shi a kwano ta sayar ba, amma ranar da maigida ya fita bai bar kuɗin cefane ba, ba a kwana da yunwa a ɗakinta.

Akwai ma ilmin da matan nan suka riƙe ba tare da an koya musu a aji ba. Wannan wake yana da dafi irin na rogo mai ɗaci, musamman mai duhun launi. Kakata jiƙa shi take yi ya kwana, ta zubar da ruwan, ta tafasa shi tukunya a buɗe ta sake zubarwa, sannan ta dafa. In mun ɗauki ɗanye za mu kai baki sai ta buge mana hannu. Amarya, in kin samu irin, ki kiyaye wannan. Na iri kuma sai ya bushe ƙayau a jikin uwar, ta cuɗe shi da toka don ƙwari, ta ƙulle. In za a kai yarinya ɗakin miji a kan sa mata ɗan ƙulli cikin kayan gara.

Abin da ya kore shi siminti ne. Danga ta koma katangar bulo, rumfar kara ta koma ta kwano, tsakar gida aka dabe ta kaf, yanzu ma tayil ake sawa. Mu kuma da muke gidan haya, ɗaki da falo, ko kajin ma ba mu da wurinsu. Da kakata ta rasu aka raba kayanta, babu wadda ta kula da ƙullin tsumman nan, ni ma ban kula ba, zanen atamfa na sa wa ido. Iri kuwa ba ya jiran mutum, in ya yi 'yan shekaru ba a shuka shi ba ya mutu.

Bara da farashin kwanon wake ya ishe ni na shiga neman sa. 'Yan hatsi uku na tambaya a kasuwa, yaran ba su ma san sunan ba. Sai a wurin biki a ƙauye wata tsohuwa ta shiga ɗaki ta ƙirgo mini ƙwaya goma sha ɗaya, ta ƙi karɓar ko sisi. Na huda gindin tsofaffin bokitan fenti biyu, na zuba ƙasa da kashin awaki, na ɗaura igiya daga bakin bokiti zuwa ƙarfen taga. Bakwai suka tsiro, akuyar maƙwabta ta cinye biyu. Sauran biyar ɗin sun kai saman taga, na tsinci abin da ya yi mana girki huɗu, na ware cikin tafin hannu biyu na cuɗe da toka. Rabi na aika wa ƙanwata da aka kai ɗaki watan jiya.