Jalen Hurts: matashin da aka zaunar a benci a gaban duniya, bai yi zuciya ba

Ranar nan a majalisa aka sa ni gaba da tambaya: wai wane ne wannan mai koriyar riga lamba 1 da na sa a fuskar wayata, ba ɗan Arsenal ba, ba ɗan Madrid ba? Na ce Jalen Hurts ne. Wani ya ce, to wace ƙungiya yake bugawa a Firimiya? Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da na sani a kansa. Na fara kallon wasan nasu ne a waya, a dararen da muke kwana a kara jiran tirelar shanu, saboda manyan wasanninsu tsakar dare suke faɗowa a agogon Najeriya.

Wasan da matsayin da yake bugawa

Hurts ɗan wasan zari-ruga ne irin na Amurka, a babbar gasarsu ta NFL mai ƙungiyoyi 32. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su matsa gaba yadi 10. In sun matsa a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki 6.

Matsayin Hurts shi ake kira kwatabak, kuma shi ne madugun masu kai hari. Koci yana yi masa magana ta wata 'yar rediyo da ke cikin hular kwanonsa, shi kuma ya tara sauran mutum goma ya gaya wa kowa inda zai bi. Daƙiƙa 40 kacal gare su kafin su sake taɓa ƙwallo. In ya duba ya ga masu tsaro sun gano shirin, nan take zai sauya shi da baki. Daga nan ko ya jefa ƙwallon, ko ya miƙa wa mai gudu, ko ya ruga da ita da kansa, alhali ƙarti masu kilo sama da 130 sun nufo shi. In an ci wasa shi ake fara yabo, in an faɗi shi ake fara zagi. Ka ga ke nan wannan wuri ƙarfin hannu kaɗai ba ya riƙe shi, sai mutane goma sun yarda da maganarka.

Tasowarsa

An haife shi ranar 7 ga Agusta, 1998, a birnin Houston na jihar Texas. Mahaifinsa, Averion Hurts, shi ne kocin makarantar sakandare ta Channelview, kuma a hannunsa Jalen ya buga. Tun yana sakandare yake shiga gasar ɗaga ƙarfe, kuma daga baya an san shi da durƙusawa ya miƙe da nauyin kusan fam 600 a kafaɗa, wato kilo 260 da wani abu.

A Amurka ta jami'a ake bi kafin a shiga NFL. A 2016 ya shiga Jami'ar Alabama ƙarƙashin koci Nick Saban, kuma a shekararsa ta farko ya karɓe matsayin kwatabak, abin da ɗan aji ɗaya bai yi a can ba tun 1984. Cikin shekara biyu ya jagoranci wasa 28, ya ci 26.

Daren da aka cire shi

Ranar 8 ga Janairu, 2018, Alabama ta kara da Jojiya a wasan ƙarshe na jami'o'in ƙasar, a birnin Atlanta. Wasa ya ƙi Hurts. Aka tafi hutun rabin lokaci ana cin su 13 da nema. Da aka dawo, Saban ya zaunar da shi ya sa wani sabon yaro, Tua Tagovailoa. Yaron nan ya juya wasan, Alabama ta ci 26 da 23.

Ka duba fa, shekararsa 19 a lokacin, miliyoyin mutane suna kallo, na bayansa ya ɗauki kofi a wurin da shi ya kasa. Amma kyamara ta nuna shi a bakin fili yana ƙarfafa wa Tua gwiwa, kuma da 'yan jarida suka tare shi bayan wasa, yana murmushi ya yaba wa yaron.

Kowa ya ɗauka zai tattara ya bar makarantar. A shekarar ma an kawo sabuwar doka da ta ba ɗan wasa damar ya tsaya bayan wasa huɗu, ya adana shekararsa ya koma wani wuri. Hurts bai bi nan ba. Ya zauna kakar 2018 gaba ɗaya a matsayin na biyu, yana atisaye yana gyara jifarsa, ana sa shi in an riga an ci wasa.

Ranar 1 ga Disamba, 2018, aka sake haɗuwa da Jojiya, a filin nan dai na Atlanta, a wasan ƙarshe na gasar yankinsu. Ana cin Alabama 28 da 21 sai Tua ya ji ciwo a ƙafa. Aka ce Hurts ya shiga. Ya jefa ƙwallon da aka rama, sannan saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ya ruga yadi 15 da kansa ya ci. Aka tashi 35 da 28. Da a ce ya yi wata goma sha ɗaya yana kumbura fuska a benci, ranar nan ba za ta same shi a shirye ba.

A watan nan ya karɓi digirinsa, sannan ya koma Jami'ar Oklahoma. Bai daɗe da zuwa ba 'yan wasan suka sa shi cikin kyaftin ɗinsu. A can ne aka ga hotonsa a ɗakin ɗaga ƙarfe jim kaɗan bayan wani wasa da suka ci da tazara mai yawa. A ƙarshen 2019 ya zo na biyu a kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a, bayan Joe Burrow.

Shigarsa NFL

Duk da haka manyan ƙungiyoyi ba su yi rububinsa ba. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2020 sai da aka ɗauki mutum 52 kafin ƙungiyar Eagles ta birnin Filadelfiya ta ɗauke shi, kuma magoya baya da yawa sun yi ƙorafi, tun da suna da Carson Wentz. Nan ma benci ya fara, sai wasanni huɗu na ƙarshen kakar aka ba shi. A 2021 ya zama na ɗaya. A lokacin ne ya yi wata magana da ta bi shi, cewa shi a wurinsa matsayi kamar gidan haya ne, kullum sai an biya. Mu da muke zaman haya a Kudu ba sai an yi mana fassara ba.

A kakar 2022 ya ci wasa 14 cikin 15 da ya fara, ya kai Eagles wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl. Ranar 12 ga Fabrairu, 2023, suka kara da Kansas City Chiefs ta Patrick Mahomes. Hurts ya yi wasan da ba a taɓa ganin ya yi ba: jifa yadi 304, gudu yadi 70, sau uku yana kai ƙwallo gida da ƙafarsa. Amma sau ɗaya ƙwallo ta suɓuce masa, Nick Bolton ya tsince ta ya ci. Aka cinye su 38 da 35. A gaban 'yan jarida bai ɗora wa alƙalin wasa ko wani ɗan wasa ba, ya ɗauki kuskurensa, ya ce ko dai ka ci ko ka koyi darasi. Hoton da aka ɗauke shi yana fita daga fili, ana watsa wa waɗanda suka cinye shi takardun biki, shi ya sa a fuskar wayarsa.

A Afrilun 2023 ya sa hannu a kwantiragin shekara 5 kan dala miliyan 255. Wata guda bayan haka ya karɓi digiri na biyu a Oklahoma. A 2024 ya ba da dala 200,000 aka sa na'urorin sanyaya ɗaki a makarantu 10 na Filadelfiya.

Ranar 9 ga Fabrairu, 2025, a New Orleans, aka sake haɗuwa da Chiefs a Super Bowl. Eagles ta ci 40 da 22, aka ba Hurts gwarzon wasan. Cikin waɗanda suka ɗaga kofin tare da shi har da Moro Ojomo, mai tsaron baya haifaffen Legas.

Irin shugabancinsa

Abu na farko, ba ya ɗaga murya kuma fuskarsa ba ta sauyawa, ko ana ci ko ana cin su. Na biyu, koyo ba ya yi masa nauyi. Tun 2016 kusan kowace shekara sabon mai tsara hari yake samu, kuma kowanne da tsarinsa da kalmominsa, kamar a ce duk shekara sai ka koyi sabon yaren ciniki. Sau ɗaya ne, a 2021 da 2022, ya yi shekara biyu a jere da mutum ɗaya, Shane Steichen.

Na uku, ba ya kishin wani ya haska. A kakar 2024 Eagles ta karkata ga mai gudu Saquon Barkley, wanda ya yi yadi 2,005. Jifar Hurts ta ragu, lissafinsa ya ragu, amma ƙungiya tana ci, bai tayar da rigima ba. Na huɗu, aikin wahala da kansa yake shiga. In saura yadi ɗaya, Eagles tana da wata dabara da ta yi suna: Hurts ya rungume ƙwallo ya kutsa cikin ƙartin, 'yan uwansa suna tura shi ta baya. A nan ƙarfen da ya ɗaga tun yana yaro yake biyansa.

Abin da masu suka ke cewa

Ba kowa ne ya sallama masa ba. Wasu na cewa a iya jifa bai kai Mahomes ko Burrow ba, wai ƙungiya mai ƙarfi ce ta ɗauke shi. A kakar 2023 sun ci wasa 10 cikin 11 na farko, sai suka faɗi 5 cikin 6 na ƙarshe, Tampa Bay kuma ta fitar da su 32 da 9. A lokacin shirun nan nasa da ake yabo shi aka koma zargi, ana cewa shugaba ya kamata ya buɗe baki in gida ya rikice. Ni ma a ganina akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin ba kowane yaro ne yake gane nufin mai shiru ba.

Ni dai abin da ya riƙe ni a labarinsa shekarar bencin nan ce. Sau nawa muka ga yaro a kara ko a shago, an ɗauko na bayansa an ba shi riƙon kuɗi, washegari ya ɗauki jakarsa ko sallama babu? Hurts ma ai ya tafi daga baya. Amma sai da ya gama kakar, ya taimaki wanda ya karɓe wurinsa, ya karɓi takardar digirinsa, sannan ya yi sallama ya fita. Har yau mutanen Alabama nasu suke kiransa, na Oklahoma ma haka.